Ba Gudu Ne Yake Kashe 'Yan Wasa Ba

Ranar Lahadi, 8 ga Maris, 2020, ana cikin wasa tsakanin Nasarawa United da Katsina United a filin wasa na garin Lafiya, wani matashin mai tsaron baya mai suna Chineme Martins ya yanke jiki ya faɗi. Aka ruga kansa, aka nemi motar ɗaukar marasa lafiya da aka ajiye a gefen fili domin irin wannan rana, sai motar ta ƙi tashi. Da wata mota dabam aka kai shi asibiti, kuma rai ya yi halinsa. A kwanakin da suka biyo baya na saurari yadda ake tattauna lamarin a majalisu da gidajen kallon ƙwallo, sai na ga magana ta rabu gida biyu. Wasu suka ce kwana ne ya ƙare, wasu kuma suka ce ai da ma gudun da yaran nan suke yi cikin rana ya fi ƙarfin zuciyar ɗan Adam. Magana ta farko gaskiya ce da babu mai imanin da zai musa ta, sai dai ba ta gaya mana dalilin da ya hana mota tashi ba. Magana ta biyu kuwa kuskure ce, kuma kuskure ne mai tsada, domin yana ɗora laifi a kan wasan, ya wanke waɗanda nauyin kula da lafiyar 'yan wasa ya rataya a wuyansu.

Babu musu cewa atisaye mai tsanani yana sauya zuciya. Yana ƙara mata girma, yana ƙara wa bangonta kauri, yana kuma rage saurin bugunta. Likitoci sun san wannan tun tuni. A shekarar 1899 wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Henschen ya riƙa ƙwanƙwasa ƙirjin masu tseren zamiya a kan ƙanƙara da yatsunsa, yana sauraren inda sauti ya sauya domin ya gane iyakar zuciya, ya kuma gano cewa tasu ta fi ta sauran mutane girma. Hukuncin da ya yanke a lokacin shi ne cewa wannan girma alamar ƙarfi ce, kuma bayan fiye da ƙarni guda na bincike da na'urorin da bai taɓa mafarkinsu ba, hukuncin nasa yana nan daram.

Wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya zai fi kowa saurin fahimtar abin da ke faruwa. Mai ƙaramin guga sai ya jefa shi sau da yawa kafin ya cika tulu, mai babban guga kuwa jefa kaɗan ya ishe shi. Zuciyar babban mutum da ke zaune yana hutawa tana tura jinin da ya kai lita 5 a minti ɗaya, ko shi ɗan wasa ne ko ba ɗan wasa ba ne. Bambancin yana wajen yadda ake cika wannan mudu. Zuciyar mutumin da ba ya motsa jiki tana tura kimanin mililita 70 a kowane bugu, saboda haka sai ta buga wajen sau 70 a minti. Ta mai tseren dogon zango tana tura fiye da haka sosai a bugu ɗaya, domin babban ɗakinta na hagu ya ƙara faɗi, yana cika da jini sosai yana kuma matsewa da ƙarfi, shi ya sa bugu 45 ko 50 ya wadatar da ita. An ruwaito cewa zuciyar Miguel Indurain, ɗan Sifaniyan da ya lashe tseren keke na Tour de France sau biyar a jere, tana buga sau 28 kacal a minti idan yana hutawa. Idan kuma aka shiga aiki gadan-gadan, zuciyar wanda bai saba ba takan tsaya a wajen lita 20 a minti, yayin da ta gwanin tsere za ta iya kai wa lita 35 ko ma 40.

Irin wasan da mutum yake yi yana da tasiri a kan siffar da zuciyar za ta ɗauka. Gudu da ninkaya da tuƙin keke suna cika zuciya da jini mai yawa na tsawon lokaci, sai ɗakunanta su buɗe. Ɗaga ƙarfe da kokawa kuwa suna sa jini ya hau sosai na ɗan lokaci, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, sai bangon ya fi karkata ga kauri, kamar yadda damtsen maƙeri yake cika saboda guduma. Wani mai bincike a Amurka mai suna Morganroth ne ya fara bayyana wannan rabo a 1975 ta hanyar hoton zuciya, kodayake binciken baya-bayan nan ya nuna rabon bai kai tsantsar yadda aka zana shi ba. Ƙwallon ƙafa dai ta haɗa duka biyun.

Na ga yadda rashin sanin wannan yake tayar da hankalin gida guda. Ɗan ƙanwata yana buga ƙwallo tun yana firamare, kuma da ya kai shekara goma sha tara sai wata ƙungiya ta gayyace shi gwaji, ta ce ya zo da takardar lafiya. Aka yi masa gwajin ECG, wato gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, a wani asibiti, na'urar ta buga nata hukuncin a saman takardar cewa bugun zuciyarsa ya yi ƙasa kuma bangon hagu ya yi kauri, wanda ya yi gwajin kuma ya ce masa ya ajiye ƙwallo. Da daddare uwar ta kira ni muryarta na rawa, ta ce, "Yaya, an ce zuciyar yaron nan ta kumbura." Shi kuwa yaron da na same shi washegari, yana zaune a soro ya haɗa kai da gwiwa, abin da ya iya faɗa shi ne, "Kawu, ni fa ban taɓa jin ko haki ba." Muka nemi likitan zuciya, ya tambayi ko akwai wanda ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi a dangin uwa ko na uba, ya tambayi ko yaron ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji a cikin wasa, sannan ya ɗauki hoton zuciyar ya auna bangon da ɗakunan. Ya ce zuciyar ɗan wasa ce lafiyayya, na'urar kuma ba ta san wanda aka kwantar a gabanta ba.

Wannan magana ta ƙarshe tana da tushe a ilimi, kuma ta shafe mu kai tsaye. Ma'aunin farko na abin da ake kira zuciyar ɗan wasa an gina shi ne a kan Turawa. A 1991 Antonio Pelliccia da abokan aikinsa a Roma suka auna manyan 'yan wasan Italiya 947, suka tarar 16 ne kawai kaurin bangon zuciyarsu ya kai milimita 13 ko fiye, kusan dukkansu masu tseren kwale-kwale, kuma babu wanda ya wuce milimita 16. Da wannan aka daɗe ana hukunci. Sai a 2008 wani bincike a Ingila, daga rukunin Farfesa Sanjay Sharma, ya kwatanta 'yan wasa baƙaƙen fata 300 da fararen fata 300, ya gano cewa kashi 18 cikin ɗari na baƙaƙen bangon zuciyarsu ya wuce milimita 12, alhali kashi 4 ne kacal a cikin fararen. Bayan haka aka gano cewa wani zane da ke fitowa a takardar ECG, wanda a jikin Bature yake sa likita ya zabura, abu ne da ake yawan gani a lafiyayyun 'yan wasa 'yan asalin Afirka. Sai da aka gyara ƙa'idojin karanta gwajin, aka fitar da na ƙasa da ƙasa a 2017, domin a daina hana lafiyayyun matasa sana'arsu. Ke nan gwajin da babu ƙwararren da zai karanta shi yana iya yin ɓarna ta fuska biyu, ya kori mai lafiya daga fili, ko ya sallami mai cuta.

Idan da girman zuciyar ɗan wasa cuta ne, da an gani a tsawon rayuwarsu. Abin da ake gani shi ne akasin haka. An bibiyi Faransawa 786 da suka shiga tseren Tour de France tsakanin 1947 da 2012, tseren da ba a cika samun wanda ya fi shi wahalar da zuciya ba, aka tarar yawan mace-mace a cikinsu ya gaza na sauran mazan Faransa da kashi 41 cikin ɗari. Tun a 1953 ma Jeremy Morris ya nuna cewa kwandastocin bas masu hawa biyu a Landan, waɗanda suke wuni suna hawa da sauka a matakala, ciwon toshewar jijiyoyin zuciya bai kama su kamar direbobin da ke zaune a kujera ba. Ba zan ɓoye cewa akwai farashi a can ƙarshen ma'auni ba. Waɗanda suka shafe shekaru masu yawa suna tseren dogon zango, musamman maza da suka manyanta, sun fi fuskantar wata rikicewar bugu da ke tasowa daga ƙananan ɗakunan sama na zuciya. Binciken da aka yi a kan mutum fiye da dubu 52 da suka shiga tseren zamiya a kan ƙanƙara na Vasaloppet mai kilomita 90 a Suwidin ya nuna cewa waɗanda suka fi maimaita tseren sun fi samun wannan matsala. Gaskiya ne, amma matsala ce da ake rayuwa da ita ana magani, kuma ba ita ce take kayar da ɗan shekara ashirin da biyar a tsakiyar fili ba.

Abin da yake kayar da shi yawanci cuta ce da ya zo da ita. Mafi shahara ita ce wadda take sa tsokar zuciya ta yi kauri fiye da kima, zarenta kuma ya harɗe ba bisa tsari ba. Gadonta ake yi, kuma ana kiyasin mutum ɗaya cikin 500 yana ɗauke da ita, mafi yawansu ba su sani ba. Ita ce aka samu a jikin Marc-Vivien Foé na Kamaru, wanda ya faɗi a minti na 72 a wasansu da Kolombiya a birnin Lyon ranar 26 ga Yuni, 2003, yana da shekara 28. Samuel Okwaraji kuwa, wanda ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, a wasan Najeriya da Angola, binciken gawarsa ya nuna zuciya mai girma da hawan jini. Akwai wasu cututtukan: jijiyar da ke ciyar da zuciya ta fito daga inda bai kamata ba, ko tsokar ɗakin dama ta riƙa rikiɗewa zuwa kitse da tabo, ko kuma zuciyar ta kasance lafiya lau a ido amma wayoyin lantarkinta na da tangarɗa. A irin wannan zuciya gudu tamkar ashana ne, amma man fetur ɗin ya riga ya zube tun kafin a kyasta. Likita yana da hanyoyin rarrabe kaurin horo da kaurin cuta, kuma ɗaya daga ciki mai sauƙin fahimta ce: idan ɗan wasa ya ajiye atisaye na wajen wata uku, kaurin horo yakan ragu, na cuta kuwa ba ya motsi.

Saboda haka mutane da yawa suke ganin maganin abin shi ne a gwada kowa. Hujjarsu mafi ƙarfi daga Italiya take, inda doka ta wajabta gwajin lafiya da ya haɗa da ECG ga duk mai shiga gasa tun 1982. A yankin Veneto, mutuwar fuju'a a tsakanin matasan 'yan wasa ta sauko daga 3.6 cikin dubu ɗari a shekara zuwa 0.4 tsakanin 1979 da 2004. A Italiyan ne kuma aka gano matsalar bawul ɗin zuciyar Nwankwo Kanu a 1996, jim kaɗan bayan ya ɗauko zinare a gasar Olamfik ta Atlanta ya koma Inter Milan, aka yi masa tiyata a Amurka, ya dawo ya ƙara buga ƙwallo fiye da shekara goma. Ina goyon bayan gwaji, kuma ina ganin abin kunya ne ƙungiyar da ke sayen 'yan wasa da miliyoyi ta kasa biyan kuɗin ECG da hoton zuciya sau ɗaya a shekara.

Sai dai ban yarda cewa gwaji ne ya kamata ya zo farko ba, kuma a nan nake raba hanya da masu wancan ra'ayi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta gwada matasan 'yan wasa 11,168 a cikin shekara ashirin, da ECG da hoton zuciya duka, a hannun ƙwararru. An gano 42 masu cuta mai haɗari. Duk da haka takwas sun mutu daga baya saboda ciwon zuciya, kuma shida daga cikin takwas ɗin gwajinsu ya fito lafiya lau. Wasu cututtukan ba sa bayyana a shekara goma sha shida, sai daga baya. Wasu kuma sababbin shiga ne, kamar kumburin tsokar zuciya da ƙwayar cuta take haddasawa, wanda shi ne dalilin da ya sa buga wasa da zazzaɓi a jiki ganganci ne, ko da an haɗiyi farasitamol an ji dama-dama, kuma wanda aka tabbatar yana da wannan kumburi ana hana shi atisaye na wata uku zuwa shida. Idan gwajin Ingila ya bar wasu sun zurare, babu gwajin da zai ba mu damar zama mu miƙe ƙafa. Wani zai faɗi, ko ba daɗe ko ba jima, kuma abin da zai raba rayuwa da mutuwa shi ne abin da aka yi a minti uku ko huɗu na farko.

Ranar 12 ga Yuni, 2021, Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a wasansu da Finland a Kofanhagen. Nan take aka fara danna masa ƙirji a kan ciyawa, aka manna masa na'urar farfaɗo da zuciya, ta girgiza shi da lantarki sau ɗaya, bugu ya dawo. Bayan wata takwas ya koma buga ƙwallo a Brentford da wata ƙaramar na'ura dashe a ƙirjinsa. Fabrice Muamba na Bolton ya faɗi a filin Tottenham ranar 17 ga Maris, 2012, zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta aiki da kanta, amma hannuwa ba su daina danna ƙirjinsa ba tun daga fili har asibiti, kuma yana raye har yau. A ɗaya ɓangaren, Patrick Ekeng na Kamaru ya faɗi a Bukarest ranar 6 ga Mayu, 2016, ya rasu, kuma daga baya kotun Romaniya ta samu likitar da ke cikin motar asibitin da laifin sakaci saboda ba ta yi yunƙurin farfaɗo da shi ba. Masana sun ce duk minti ɗaya da ya wuce ba tare da an girgiza zuciyar da ta rikice ba, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Da wannan lissafi, ko da motar nan ta filin garin Lafiya ta tashi a bugu ɗaya, asibiti ya yi nisa. Aikin ceton a kan fili ake fara shi.

Na taɓa ganin yadda muke yi a wani wasan unguwa, a filin makarantar firamare, lokacin da wani magidanci ya zube bayan ya kai hari. Cikin daƙiƙa kaɗan aka yi masa zobe har iska ba ta ratsawa. Wani ya fasa ledar ruwa a fuskarsa, wani ya tuɓe riga yana yi masa fifita, wani yana ƙoƙarin cusa masa cokali a baki wai kada ya haɗiye harshensa, wani kuma yana tofa masa addu'a domin jikinsa ya ɗan karkarwa an ɗauka farfaɗiya ce ko iska. Kowa da kyakkyawar niyya, amma babu wanda ya ɗora hannu a ƙirjinsa, har da ni da nake tsaye a wurin. Allah ya sa suma ce kawai ta zafi, ya farfaɗo. Da zuciyarsa ce ta tsaya, da mun kashe mintunan da suke da amfani a kan abin da ba ya ceto. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Karkarwa da numfashi mai kama da minshari suna cikin alamomin tsayawar zuciya, kuma su ne suke yaudarar mutane su ɗauka yana numfashi. Ƙa'idar ita ce duk ɗan wasan da ya faɗi ba tare da an buge shi ba, kuma bai amsa kira ba, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar da akasin haka. A kwantar da shi rigingine, a haɗa tafin hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kada a tsaya. Wannan darasi ne na yini guda, kuma na'urar zamani da kanta take magana tana gaya wa mai riƙe da ita abin da zai yi, ba ta kuma girgiza wanda bai buƙata ba.

Magidancin nan ya tuna mini da wani rukuni da ba a cika maganarsu ba, wato waɗanda suka haura shekara talatin da biyar, suka yi kwana shida a zaune a ofis ko a shago, sannan ranar Asabar da safe su ɗaura takalmi su shiga fili da zuciyar ɗan shekara ashirin. A wannan shekaru abin da ya fi kayar da mutum shi ne toshewar jijiyoyin zuciya, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda bai saba ba ya yi tsalle ya faɗa aiki mai tsanani. Maganin ba daina wasa ba ne. A auna hawan jini da sukari, a riƙa motsa jiki a tsakiyar mako ko da tafiya ce mai sauri, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a samu aƙalla minti 150 nata a mako, kuma nauyin ƙirji ko hakin da ba a saba ba ko jiri a cikin wasa su zama dalilin fita daga fili zuwa wurin likita, ba dalilin shan lemon ƙarin kuzari a koma ba.

Akwai wuri ɗaya da ni kaina maganar take yi mini nauyi. Raphael Dwamena na Gana ya san cutarsa. A 2017 cinikinsa zuwa Brighton ya rushe saboda gwajin zuciya, a 2020 aka dasa masa na'ura a Sifaniya, a 2021 ya faɗi a wani wasa a Ostiriya na'urar ta dawo da shi, daga baya ya sa aka cire ta, ya ci gaba da wasa, ya kuma faɗi ya rasu a Albaniya ranar 11 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 28. Yana da sauƙi a ce ya yi ganganci. Amma duk wanda ya san abin da ƙwallo take nufi ga matashin da dangi gaba ɗaya suka zuba wa ido zai gane dalilin da ya sa ɗan wasa yake ɓoye ciwon ƙirji, ko ya canza asibiti har sai ya samu mai sa masa hannu. Muddin sakamakon gwaji yana nufin kora ba tare da ko sisi ba, 'yan wasa za su ci gaba da gudun gwajin. Ƙungiyar da take son gaskiya daga bakin ɗan wasanta sai ta rubuta a kwantiraginsa abin da zai samu idan likita ya ce ya ajiye takalmi.

Bayan rasuwar Martins, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta ba da umarnin kada a ƙara buga wasa sai an tabbatar da cikakkun kayan aikin lafiya da ma'aikatansu a fili. Umarni ne mai kyau, amma yana tsayawa ne a manyan gasanni, alhali mafi yawan ƙwallon da ake bugawa a Kano da Kaduna da Damagaram da Maraɗi ana buga ta ne a gasar unguwanni da ta makarantu da kofunan da 'yan siyasa suke sakawa, inda ake samun kuɗin riguna da na kofi da na makaɗa. Abin da nake nema daga masu shirya irin waɗannan gasanni bai kai kuɗin kyautar wanda ya zo na ɗaya ba. Kafin alƙalin wasa ya busa usur, ya ga na'urar farfaɗo da zuciya da idonsa, a kunna ta a gabansa ya tabbatar batirinta na da caji, a nuna masa mutum biyu da suka koyi danna ƙirji, sannan direban motar asibiti ya tayar da ita kowa ya ji ƙarar injin.